Sa'a, Tsautsayi ko Ƙuri'a?

Wata ɗaliba mai nazarin lissafin ƙaruwa da raguwar al'umma ta rubuto: "Malam, a lissafinmu akwai ɓangaren da ba a iya faɗin yadda zai kaya tun kafin ya faru, kamar yawan 'ya'yan da mutum zai haifa. Sa'a zan kira shi ko ƙaddara?"

Malama, sa'a tana da son kai, ɓangaren alheri take karkata, shi ya sa ake cewa sa'a ta fi manyan kaya. Tsautsayi kuma na sharri ne. Ƙaddara magana ce ta imani, ba a sa ta a ma'auni. Ni dai ƙuri'a zan ɗauka. Daga Larabci muka aro ta, kuma tun kafin ta koma ta akwatin zaɓe, ma'anarta jefa abu don a ga wanda zai faɗo wa. Ba ruwanta da daɗi ko ɗaci.

A 1873 Francis Galton na Ingila ya tambayi dalilin da sunayen wasu zuri'o'i ke ɓacewa, Henry Watson ya amsa da lissafi, ashe Bienaymé na Faransa ya riga su tun 1845. Ɗauki misali: cikin kowane maza huɗu, ɗaya ba ɗa namiji, ɗaya na da guda, biyu na da bibbiyu. 'Ya'ya biyar ga uba huɗu, kin ga al'umma na ƙaruwa. Duk da haka, in aka faro daga mutum ɗaya, yiwuwar sunansa ya mutu rabi ce cif. Nan ne sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: taro mai yawa na shanye faɗuwar ƙuri'a, 'yan tsiraru kuwa zubi biyu marasa kyau sun isa su share su.

Kin kuma tambayi karin maganar da ta dace da bambancin da ke tsakanin mutane. "Ba a taru an zama ɗaya ba" ita ce, kuma ta fi yadda ake ɗaukarta nauyi. Mayar da 'ya'yan nan biyar gidan uba ɗaya, sauran ukun hannu rabbana. Matsakaici bai motsa ba, amma yiwuwar ƙarewar zuri'a ta haura zuwa kusan tara cikin goma.