Tsohuwar motar tsere: a canza giyabos kawai, ko a haɗa da yoyon mai?

Tambaya: Malam, sana'ata saye da sayar da motoci na hannu. Na samu wata tsohuwar mota ƙirar tsere da araha, mai giyar hannu. Giyabos ɗinta ya mutu, kuma duk inda ta kwana sai ta bar tabon mai a ƙasa. Bakanike ya ce mu canza giyabos kawai, yoyon a bar wa mai saye. In bi shawararsa?

Amsa: Alhaji, ban goyi bayan wannan shawara ba, kuma dalilina na kuɗi ne zalla.

A irin wannan aiki, kuɗin hannun bakanike ne ke cin riba. A yawancin motoci akwai wani oyil sil a bayan inji, daidai inda inji ya haɗu da giyabos. Zobe ne na roba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ba a isa wurinsa sai an sauke giyabos, an cire kuloci da faifan da yake kamawa. To ga shi dama za a sauke. Idan aka mayar ba a canza shi ba, ran da yoyon ya tsananta sai an sake biyan kuɗin saukewa daga farko. Kuma man da ke zubowa ta nan yana iya jiƙa kuloci ya riƙa suluɓewa. Don haka sil ɗin da kuloci da bearin ɗinsa a canza su a zama ɗaya. Masu Porsche 911 samfurin 996, wanda aka fara ƙerawa a 1997, sun san wannan sil sarai, don ya yi ƙaurin suna wajen yoyo.

Sai dai kafin a kwance ko noti ɗaya, a tabbatar daga ina man yake fitowa. Shi mai, ƙasa yake gangarowa, shi ya sa yoyon gasket, wato abin da ke liƙe bakin murfin saman inji, yakan ɗiga ta ƙasa har a zargi wurin da ba shi da laifi. A wanke injin fes, a tuƙa ko a bar shi yana aiki, sannan a haska da tocila daga sama. A shinshina ma: man giyar hannu sau da yawa yana da wari mai kaifi irin na farar wuta, baƙin mai ba shi da shi. A duba bawul ɗin da ke fitar da iskar cikin inji, domin idan ya toshe, matsin iska na tura mai ta kowane sil, har sabon da ka saka.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka ce komai kan lafiyar injin ba. A gwada ƙarfin matsin kowace silinda, a leƙa ƙarƙashin motar a ga ko tsatsa ta ci ƙashinta. Idan ɗayansu ya gaza, kada ka zuba mata ko sisi. Sayar da ita a yadda take, ka faɗi aibinta.

Idan sun yi kyau, fara lissafi daga farashin da aka sayar da irinta lafiyayya, ba wanda ake tallatawa ba. Cire kuɗin saye, giyabos, kayan gyara da kuɗin hannu, ka ƙara wajen kashi ɗaya cikin huɗu a kan kuɗin gyara saboda abin da zai ɓullo bayan an buɗe. Ka tuna masu sayen irin wannan mota ba su da yawa, jarinka zai iya kwanciya watanni.

Idan giyabos da aka riga aka yi amfani da shi za ka saya kuwa, kada ka karɓa sai lambarsa ta dace da motar, kuma mai sayarwa ya rubuta maka wa'adin mayarwa idan bai yi ba. Ka ɗauki hoton aikin tun yana buɗe, ka adana rasit na kowane kaya. Mai neman tsohuwar motar tsere yakan tambayi tarihin gyaranta kafin ya taya.