Bakanike ya ninka kuɗin gyara, ya riƙe mota: me doka ta ce?

Wani direba daga Agege a Legas ya rubuto cewa ya kai motarsa gareji saboda injin yana zafi. Bakanike ya ce naira dubu 180, canjin gaskit da kuɗin aiki. Ranar ɗauka sai ya ce dubu 420, wai ya canza lagireto da famfon ruwa, kuma mota ba za ta fita ba sai an biya.

Malam, maganar da kuka yi da baki yarjejeniya ce, ko ba takarda, sai dai tabbatar da ita ke da wuya. Duba WhatsApp ɗinka, saƙon murya da shaidar tura kuɗi duk hujja ne. Idan dubu 180 ɗin tsayayyen ciniki ne, ba shi da ikon ƙarawa. Idan ƙiyasi ne, kotu za ta duba abin da ya dace a biya a kan aikin da ka sa shi. Lagireto da famfo kuwa, tun da ya buɗe injin ya ga sun lalace, wajibinsa ne ya kira ka kafin ya taɓa su. Nan ne hujjarka ta fi ƙarfi.

Akwai abin da ba za ka so ji ba. Doka ta yarda mai gyara ya riƙe mota har a biya shi haƙƙin aikin da aka amince. Amma ba ta ba shi damar sayar da ita ko hawanta ba. Kada ka je da matasa ku ja ta da ƙarfi, kada kuma ka kai shi caji ofis: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin ciniki.

Ka nemi ya rubuta maka kowane kaya da kuɗinsa, kuɗin aiki daban, ya ba ka rasit da tsofaffin kayan da ya cire. Ka taya kayan a shago uku a kasuwar kayan mota ta Ladipo. Ka tambaya kuma, sabo ne ko ɗan Beljiyam? Dokar kare masu saye ta 2018 ta wajabta bayyana kayan da aka taɓa amfani da su.

Ka tura masa dubu 180 ta banki. In motar ce abincinka, ka biya sauran, amma ka fara aika masa saƙo cewa ka biya ne don karɓar mota, ba ka yarda da ƙarin ba.

Daga nan ka fara da shugaban kanikawan garejin, sau da yawa magana na mutuwa a nan. In ta ƙi, akwai hukumomin kare masu saye: LASCOPA ta jihar Legas da FCCPC ta tarayya. Kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi da ke kotun majistare ba ta buƙatar lauya, amma sai ka fara ba shi takardar neman kuɗinka, ka jira kwana 14.