Ba hana mu aka yi ba, Malam

Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa, da fatan iyali da almajirai suna lafiya. Saƙonka na murya ya iso, na kuma ga ya fi kyau in amsa a rubuce inda wasu za su gani, domin kusan duk wanda ya je gida hutu daga nan sai an yi masa irin wannan tambaya. Ka ce labari ya zo maka cewa mu Hausawan New York muna barin gawa ta kwana biyu ko uku ba a yi mata sutura ba, muna yin Juma'a sau biyu a masallaci ɗaya, ba a jin kiran salla a unguwanninmu, wani lokaci ma ranar Salla takan rabu gida biyu. Ka tambaya ko gwamnati ce ta takura mana, ko kuwa daɗewa a ƙasar Turawa ne ya sanyaya mana jiki.

Wanda ya ba ka labarin bai yi ƙarya ba, duk suna faruwa. Amma dalilin wani abu ne daban. A shekarar 1791 aka ƙara wata ayar doka a kundin tsarin mulkin ƙasar nan ta Amurka, wadda ta ɗaure hannun gwamnati ta fuska biyu: ba za ta ɗauki wani addini ta mai da shi nata ba, ba kuma za ta hana kowa yin nasa ba. Mutanen gida sukan ji fuska ta biyu su ce madalla, sai su manta da ta farko. Ita kuwa ta farkon ce muke ji a jikinmu kullum. Babu hukumar alhazai, babu gwamnan da zai raba kujerun Makka ko ya buɗe wurin ciyarwa da azumi, babu hakimin da zai yanka wa jama'a filin masallaci, babu albashin liman daga ƙaramar hukuma. Abin da gwamnati ke yi wa masallaci shi ne ta yafe masa haraji, kamar yadda take yi wa coci da wurin ibadar Yahudawa. Sauran duka daga aljihunmu yake fitowa, aljihun direban tasi da mai gadi da matar da ke kwana tana kula da tsofaffi.

Bari in fara da gawa, domin na san ita ta fi damunka, mu ma ita ta fi damunmu. A Kano mutum zai cika da asuba, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. A nan ba mai ɗaga gawa sai likita ya sa hannu a takardar shaidar mutuwa, sannan hukuma ta ba da izinin binnewa. In a asibiti aka rasu bayan jinya, abin yana da sauƙi, sau da yawa washegari an gama. In kuwa a gida mutum ya faɗi, ko a hatsari, ko an tsince shi a ɗaki, sai likitan gwamnati mai binciken gawa ya duba ya sake ta. A jihar New York doka ta ba iyali damar su ce ba su yarda a yanka gawarsu ba saboda addini, kuma ana sauraronsu, sai dai in ana zargin kisa ko wata cuta da za ta shafi jama'a. Yahudawa ma ba sa son jinkirta binnewa, ba sa son a taɓa gawa, kuma sun riga mu daɗewa a garin nan. Hanyar da suka share muke bi a wannan fanni.

Bayan takardu sai maganar kabari. A nan kabari sayensa ake yi kamar fuloti. Cikin birni fili ya yi ƙaranci ya yi tsada, shi ya sa yawancin mamatanmu a jihar New Jersey ko a Long Island suke kwance, tafiyar awa ɗaya ko fiye a mota. Maƙabartar tana da lokacin buɗewa da tashi, ma'aikatanta ne ke haƙa da inji, ba mu da ikon ɗaukar diga da shebur mu shiga. Wasu maƙabartun sukan ce sai an sa akwati ko an zagaye ramin da kankare don kada ƙasa ta rufta. Dole kuma a bi ta hannun kamfanin jana'iza mai lasisi, shi zai ɗauko gawar ya kula da takardu. In aka haɗa komai, kuɗin yakan kai dubban daloli. To, Malam, mutumin da ya zo shekara biyu da suka wuce, yana kwana ɗaki ɗaya da mutum uku, in ya rasu wa zai biya?

Mu ne. Shi ya sa kusan kowace ƙungiya tamu, ta 'yan Najeriya, ta 'yan Nijar, ta 'yan zangon Kumasi da Accra waɗanda suna da yawa sosai a unguwar Bronx, tana da asusun jana'iza da ake zubawa wata-wata. Ana rasuwa saƙo zai zagaya wayoyi, kafin dare an yi karo-karo. Wankan da likkafani mu muke yi da hannunmu, maza ga maza, mata ga mata, kamar yadda ka koya mana. Na sha ganin mutanen da suka bar aikin yini guda, wanda ba za a biya su ba, suka tsaya cikin dusar ƙanƙara don su sallaci wanda ko sunansa na gaskiya ba su sani ba. Ba zan iya kiran waɗannan mutane masu sanyin jiki ba. Jinkirin yana yi mana ciwo, muna kuma ƙoƙarin rage shi, amma ba sakaci ne ya kawo shi ba.

Juma'a kuma ranar aiki ce a nan, Asabar da Lahadi ne hutu. Masallatanmu da yawa shago ne ko ƙasan bene da muka kama haya muka shimfiɗa darduma, kuma hukumar kashe gobara ta ƙayyade yawan mutanen da kowane ɗaki zai ɗauka. In aka wuce adadin, tara ce, ko a rufe wurin. Sai a yi huɗuba ta farko a sallame, wani liman ya hau ya yi ta biyu ga waɗanda ba su samu wuri ba ko ba a sake su daga aiki da wuri ba. Na san maganar malamanmu a kan maimaita Juma'a, limamanmu ma sun sani, sun kuma ɗauke shi a matsayin lalura. Zaɓin da ke gabansu shi ne wannan ko kuma rabin jama'a su rasa Juma'a gaba ɗaya.

Shi kansa fita daga aiki zuwa masallaci da doka muke samunsa. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana mai kamfani nuna wa ma'aikaci bambanci saboda addininsa, daga baya aka ƙara cewa sai ya yi masa sauƙi wajen ibada matuƙar ba zai cutu sosai ba. A 2023 Kotun Ƙoli ta ƙara wa wannan ƙarfi a shari'ar Gerald Groff, wani Kirista ma'aikacin gidan waya a jihar Pennsylvania da ya ƙi aikin Lahadi. Kirista ne ya kai ƙara don Lahadinsa, mu muka amfana a Juma'armu. Haka a 2015 kotun ta goyi bayan Samantha Elauf, yarinyar da wani kamfanin tufafi ya ƙi ɗauka aiki saboda ɗankwalinta, a shekarar kuma ta ba wani fursuna Musulmi a jihar Arkansas damar barin gemunsa. Wannan ne abin da na fi so mutanen gida su gane game da zamanmu: a nan ba a roƙon alfarma wajen mai mulki, lauya ake nema, a kuma haɗa kai da duk wanda matsalarsa ta yi kama da taka, ko wane addini yake bi.

Kiran salla ba a haramta shi ba, dokar hana hayaniya ce ta kowane gari take tare lasifika, kuma ana ta sassauta ta gari bayan gari. Hamtramck a jihar Michigan ya yarda tun 2004, bayan muhawara mai zafi da ta kai har ga jefa ƙuri'a. Minneapolis, inda 'yan Somaliya suke da yawa, ya amince a 2023 a yi kiran duka salloli biyar a lasifika, har da asuba. A nan New York kuma, a shekarar dai, aka ce masallaci ba ya bukatar izini don kiran Juma'a tsakanin sha biyu da rabi zuwa ɗaya da rabi, da kiran magariba a watan azumi. Sauran lokuta wayar aljihu ce ladaninmu. Duk waɗannan garuruwa abu ɗaya ya kawo canjin: Musulmin wurin sun yi rajistar zaɓe, sun cika zauren majalisar birni, wasunsu sun tsaya takara sun zama kansiloli. Ta wannan hanya ce makarantun gwamnati na New York suka fara rufewa ranakun Salla ƙarama da babba tun 2015.

Rabuwar ranar Salla kuwa rashin Sarkin Musulmi ne. Babu wanda zai fito a rediyo ya ce an ga wata kowa ya bi. Wasu masallatai lissafin taurari suke bi, wasu Saudiyya, wasu sai an gani da ido a wannan nahiya, gwamnati kuma ba ruwanta. Layya ma ba a yanka rago a bene na biyar. Ko mu tafi gonakin bayan gari inda ake yanka na halal, ko mu aiko kuɗi gida a yanka mana, kamar yadda nake yi ta hannun Yaya.

Kada Malam ya ɗauka komai lafiya lau ne. Doka daban, zuciyar maƙwabci daban. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, 'yan sandan New York sun shafe shekaru suna leƙen asirin masallatai da shaguna da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, sai da 'yan jarida suka tona a 2011, aka rushe sashen da ke wannan aikin a 2014. A wani gari mai suna Bernards a New Jersey, Musulmi sun sayi fili da kuɗinsu, aka yi ta jan su da zama bayan zama kusan shekara huɗu, ƙarshe aka hana su ginin. Suka je kotu da wata doka ta shekarar 2000 mai kare wuraren ibada, a 2017 garin ya yarda zai biya dala miliyan 3.25 kuma a bar su su gina. Ƙiyayyar tana nan, amma akwai inda ake kai ta ƙara a kuma yi nasara.

Akwai kuma inda dokar ta tsaya mana a gaba, ba kuma za ta matsa ba. Babu jihar da za ta yi wa namiji rajistar mata biyu. Tun 1879 Kotun Ƙoli ta yanke wannan a kan mabiya ɗarikar Mormon, waɗanda a wancan lokaci suke auren mace fiye da ɗaya, ta ce mutum yana da 'yancin ya yi imani da abin da ya ga dama, amma aikatawa sai abin da doka ta yarda. Wanda ya ɗaura na biyu a ɓoye ya jefa takardun zamansa cikin hatsari, ya kuma bar baiwar Allah ba ta da matsayin mata a gaban kotu ranar da ya faɗi. Ni dai ina ganin wannan zalunci ne a kanta, kuma ina faɗa wa duk wanda ya nemi shawarata. Gado ma haka: wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce da shaidu ba, dokar jiha ce za ta raba dukiyarsa, ba a kiran malami. Shi ya sa limamanmu suke ta nanata wa jama'a su je su rubuta.

Mafi ɗaci a cikinsu shi ne wanda na san za ka tambaya ko ban kawo shi ba. Ayar dokar da ta kare masallacinmu ita ce ta kare bakin mai zagin addini. Lokacin da wani fasto a jihar Florida ya ƙona Alƙur'ani a 2011, shugabanni sun yi tir da shi, amma babu dokar saɓo da za a kama shi da ita. Ranmu ya ɓaci kamar yadda naku ya ɓaci. Sai dai mun yi lissafi: mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, ranar da aka ba gwamnati ikon ta zaɓi maganar addinin da za a yi da wadda ba za a yi ba, ba faston za a fara rufe wa baki ba, limaminmu ne. Don haka muke amsawa da wa'azi da rubutu da buɗe ƙofar masallaci ga maƙwabta su shigo su gani da idonsu.

Abin da ke hana ni barci, Malam, ba gwamnati ba ce, 'ya'yanmu ne. Makarantar gwamnati ba ta koyar da ibadar kowa, don haka abin da yaro zai sani na alwala da salla da karatu, sai abin da ya samu a gida da Islamiyyar Asabar da Lahadi, awa kaɗan a mako. Da yawansu suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, malaman da muke da su kuma aiki ya cinye su. Tunda ka tambayi halinmu, ga roƙona: in za ka iya ware lokaci kana ɗaukar karatun farko na tsarki da salla a waya, gajeru gajeru, da Hausa mai sauƙi yadda kake yi wa ƙananan almajirai, ka turo min. Zan raba wa iyaye, mu riƙa zama da yaran muna saurare tare muna yi musu bayani. Kuɗin data da abin da ya sawwaƙa zan sa Yaya ya kawo maka. A gaida Inna da sauran mutanen gida.