Idan na sauya sunayen mashaya jini, labarin ya zama nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni marubucin labarin fim ne, kuma na shafe kusan shekara biyu ina karanta jerin littattafan Charlaine Harris, marubuciyar nan ta Amurka, waɗanda suke ba da labarin mashaya jini, wato gawarwakin da ke tashi da dare suna rayuwa da jinin mutane. Na ba wani furodusa labarin ya yi masa daɗi, ya ce in mayar da shi shiri mai dogon zango da Hausa, a riƙa sakawa a YouTube. Damuwata biyu ce. Littattafan goma sha uku ne, ban san yadda zan raba su zango-zango ba tare da na ɓata labarin ba. Ta biyu kuwa ita ke hana ni barci: da na yi masa maganar izini sai ya yi dariya, ya ce muddin aka sauya sunayen mutane da na gari, aka kuma canza kashi talatin cikin ɗari na labarin, babu wanda ya isa ya ce uffan. Har na rubuta fitowa shida, kuma sunana ne zai fito a matsayin mai labari. Gaskiya ya faɗa mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba gaskiya ya faɗa maka ba, amma bari in fara sallamar tambayarka ta farko, domin ta fi sauƙi.

Waɗannan littattafai an riga an mayar da su shirin talabijin. Shi ne True Blood, wanda Alan Ball ya tsara wa tashar HBO, aka nuna shi daga 2008 zuwa 2014, zango bakwai, fitowa tamanin. Babbar matsalar da ya tarar ita ce wadda kai ma ka ci karo da ita ko da ba ka gane ba: a littafin, jarumar, Sookie Stackhouse, mai baiwar jin tunanin mutane, ce ke ba da labari da bakinta, mai karatu bai san komai ba sai abin da ta gani ko ta jiyo a zukatan mutane. Talabijin kuwa ba zai iya ɗora fitowa goma sha biyu a wuyan jaruma ɗaya ba, don haka aka buɗe wa na gefe fili. Yayanta Jason ya sami nasa labarin, ƙawarta Tara ta sami nata, aka ƙirƙiro Jessica wadda babu ita ko kaɗan a littattafan. Lafayette mai dafa abinci, wanda aka tsinci gawarsa a cikin mota tun farkon littafi na biyu, a shirin ya rayu har zangon ƙarshe, saboda Nelsan Ellis ya riƙe rawar yadda babu mai hankalin da zai kashe ta. Saboda haka ka daina ƙirga littattafai, ka nemo wa kowane zango tambaya guda babba da za ta riƙe mai kallo. A zangon farko na True Blood tambayar ita ce wane ne ke kashe matan garin Bon Temps masu hulɗa da mashaya jini, kuma ba a amsa ta ba sai a ƙarshe. Wani lokaci littafi ɗaya ya ishi zango, wani lokaci ya yi masa yawa: tashar AMC ta raba littafin Anne Rice na 1976, Interview with the Vampire, gida biyu, zangon farko mai fitowa bakwai a 2022, na biyu a 2024.

Wannan shiri na AMC shi ne amsar furodusanka. A littafin, Louis Bature ne mai gonar bayi a Luwiziyana, kuma a 1791 aka mayar da shi mashayin jini. A shirin an ɗauke labarin gaba ɗaya zuwa 1910, Louis ya zama baƙar fata mai gidajen holewa a unguwar Storyville ta birnin New Orleans, Claudia kuma da take 'yar shekara biyar a littafi ta zama 'yar sha huɗu. Idan ana auna canji da mudu, wannan ya zarce kashi talatin nesa ba kusa ba. Duk da haka sai da kamfanin ya sayi haƙƙin littattafan Rice goma sha takwas a 2020 kafin ya ɗora kyamara a kan ko mutum ɗaya. Kamfani mai tarin lauyoyi ba ya zubar da kuɗi a kan abin da zai iya ɗauka kyauta.

Maganar kashi talatin ɗin nan na gaji da jin ta. Wani ya ce ashirin ne, wani ya ce abu bakwai za ka canza, kowa da nasa lissafin, kuma har yau ban ga wanda ya buɗe mini dokar da aka rubuta hakan ba, domin babu ita, ko a Najeriya ko a Amurka ko a Ingila. Jita-jita ce da ake gadonta a lokeshan daga bakin wanda ya yi wankiya bai gamu da kowa ba, sai ya ɗauka rashin kamu shi ne halasci. Abin da alƙali yake dubawa shi ne ko ka kwashi wani muhimmin sashe na aikin wani: ginin labarin, jerin abubuwan da suka faru, halayen taurari da dangantakar da ke tsakaninsu. Suna kuwa shi ne abu mafi arha a cikin labari. Na taɓa karɓar rubutun wani matashi da ya zo ofishina yana murna, littafin Turancin na cikin jakarsa, ya bi shafi-shafi ya soke kowane suna da jan biro ya rubuta na Hausa a samansa. Da na karanta fitowar farko na ce masa a ta uku kakar yarinyar za ta mutu, ya zaro ido yana tambayar wanda ya nuna mini. Babu wanda ya nuna mini, littafin na karanta. Idan ni zan gane, mai littafin ma za ta gane.

Abin ban takaici shi ne a wannan fanni na mashaya jini ne aka yi shari'ar da ta fi kowacce shahara a kan dabarar furodusanka, shekaru ɗari da suka wuce. A 1922 wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Prana Film ya fitar da Nosferatu, wanda F. W. Murnau ya ba da umarni, an ɗauko shi daga Dracula na Bram Stoker na 1897 ba tare da izini ba. Sun yi duk abin da ake ce maka ka yi. Dracula ya koma Orlok, Harker ya koma Hutter, matarsa Mina ta koma Ellen, an ɗauke labarin daga Ingila zuwa wani ƙirƙirarren garin Jamus mai suna Wisborg, an mayar da shi baya zuwa 1838, an zubar da taurari da yawa, an sauya ƙarshen labarin kacokan. Stoker ya rasu tun 1912, amma matarsa Florence tana raye, kuma da labari ya iske ta sai ta shigar da ƙara da taimakon ƙungiyar marubutan Birtaniya. Kamfanin ya ce ya karye, ba shi da abin biya, ita kuwa ta ce to a hallaka fim ɗin, kuma a 1925 kotu ta ba da umarnin a lalata duk kwafinsa. Abin da ya sa muke iya kallonsa yau shi ne wasu kwafe-kwafen sun riga sun fita ƙasashen waje. Prana Film bai ƙara yin wani fim ba. Ka lura, fim ɗin gwaninta ne, har gobe ana koyar da shi a makarantun fim, amma kyawunsa bai tsinana masa komai a gaban alƙali ba.

Kada kuma a ce maka Amurka da nisa. Najeriya tana cikin Yarjejeniyar Berne tun 1993, wadda ta wajabta a kare littafin baƙo kamar na ɗan gida, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba marubuci shi kaɗai ikon fassara aikinsa ko mayar da shi fim, har tsawon rayuwarsa da shekara saba'in bayan rasuwarsa. Harris tana raye, ta kammala jerin a 2013. Ko a kotu ba a je ba, ai a YouTube za ku saka, kamfanin Amurka, inda takardar ƙorafi daga mai haƙƙi take isa a sauke bidiyo, gargaɗi uku kuma a rufe tasha da duk abin da ke cikinta. Furodusa zai yi asarar kuɗi ya sake buɗe wata tashar, kai kuwa da aka rubuta "labari da tsarawa" a gaban sunanka, tambarin satar fasaha zai bi ka duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa.

Hanyar halal sananniya ce: a rubuta wa wakilin marubuci, a biya kafin alƙalami don a riƙe maka haƙƙin na wani wa'adi, yawanci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, idan an tashi ɗauka a biya cikakken kuɗi. Sai dai ba zan yaudare ka ba, littattafan da HBO ta riga ta yi zango bakwai da su ba kayan da aljihun shirin YouTube zai taya ba ne.

Abin da ya rage maka ya fi wannan daraja. Mashayin jini a matsayin tunani ba mallakin kowa ba ne, ya fito ne daga camfin mutanen gabashin Turai, kuma Dracula kansa wa'adin kariyarsa ya ƙare tuni, kowa na iya ɗauka. Ko dokokin halittar ma kowane marubuci gyara su yake yi: a littafin Stoker Dracula yana yawo da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa, mutuwa da fitowar rana Nosferatu ne ya yaɗa ta. Na Harris shi ne jinin roba da Japanawa suka ƙera har mashaya jini suka bayyana kansu ga duniya, da Sookie, ma'aikaciyar gidan giya mai jin tunanin mutane wadda ta kamu da son Bill Compton, tsohon sojan yaƙin basasar Amurka, saboda ba ta jin abin da ke ran mashaya jini irinsa. Ka ɗauki fitowa shidan nan ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba za ka iya rubutawa ba da ba ka karanta ta ba. Abin da ya tsira shi ne jarinka.

Za ka ma tarar yawancin kayan nata ba sa zama a nan. Mashayin jinin Turawa a akwatin gawa yake kwana, mu kuwa a likkafani muke binne mamaci, galibi a ranar da ya rasu, kuma mai kallonmu ya san inda mamaci yake tafiya, ba zai karɓi gawa mai soyayya cikin sauƙi ba, balle Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Kada kuma ka yi gaggawar liƙa masa sunan maye, domin maye a camfinmu rayayyen mutum ne mai kama kurwa, maƙwabci ne da ake gaisawa da shi, tsoronsa daban yake da na gawar da ta tashi. Wanda ya zauna ya warware waɗannan matsaloli da kansa zai wayi gari da labarin da babu mai ƙwace masa.

Sai dai furodusa, shi ma ka yi hattara da shi. L. J. Smith ce ta rubuta The Vampire Diaries tun 1991, labarin da tashar CW ta yi fitowa 171 da shi daga 2009 zuwa 2017, amma ta rubuta shi ne a kan kwantiragin aikin haya, haƙƙin yana hannun kamfanin Alloy Entertainment. A 2011 suka sallame ta, suka ɗauko wani ya ci gaba da rubuta littattafan, sunanta na nan a bango. Kafin ka miƙa wa mutumin nan ko shafi ɗaya na sabon rubutunka, ku zauna da lauya a rubuta wanda ya mallaki taurarin, da zango nawa ka ba shi izini, da abin da zai biya ka idan ya sayar wa tashar talabijin, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.