Shin bakteriya tana iya tofar da magani?

Tambaya: Malam, mahaifiyata tana fama da ciwon mafitsara. An ba ta cipro bai yi ba, aka canza mata wani, shi ma shiru. Wani mai kemis a unguwarmu, Tudun Wada, ya ce ƙwayar cutar ce ke tofar da maganin. Gaskiya ne, ko jabu aka sayar mana?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Jabu kam yana nan a kasuwa, amma maganar mai kemis ɗin tana da tushe.

Galibin ciwon mafitsara bakteriyar E. coli ce ke jawo shi. Fatarta biyu ce, ta waje da ta ciki, kuma kamar ganuwar Zazzau take, ba a shiga sai ta ƙofa. Ƙofofin wasu furotin ne da ake kira porin, irin su OmpF da OmpC. Ta nan abincinta ke shiga, ta nan kuma magani ke satar hanya. In ana yawan shan magani barkatai, ƙwayoyin da ke da ƙarancin ƙofofi ne ke tsira, su hayayyafa.

Abin da ya fi damun mu masu aikin lab shi ne famfo. A 1980 Stuart Levy da abokan aikinsa a Jami'ar Tufts ta Amurka suka nuna cewa E. coli tana turo maganin tetracycline waje bayan ya riga ya shiga. Babban famfonta, AcrAB-TolC, ya ratsa fatun biyu, yana jefa magani can waje kai tsaye. Ba don magani aka yi shi ba: a hanji take zaune, da shi take kare kanta daga ruwan matsarmama. Kuma ba ya zaɓe sosai. Cipro, tetracycline, chloramphenicol, duk kwasa yake yi. Saboda haka canza magani da ka, ba tare da gwaji ba, sau da yawa komawa hannun famfo ɗaya ne.

Dubi mai kwalekwale a Kogin Kaduna. In ya toshe rabin hujojin jirginsa, yana kuma kwashe ruwa da ƙwarya, ruwan ba zai taru har ya nutsar da shi ba. Haka magani ke shiga kaɗan, ya fita da sauri. Famfo shi kaɗai ba kasafai yake gama da cipro ba, sai ya haɗu da canji a wurin da maganin ke kamawa a cikin ƙwayar, amma shi ke ba ta lokacin yin canjin.

A kai fitsarin Mama asibiti a shuka shi, wato a bar ƙwayar da ke ciki ta hayayyafa a lab, a gwada wane magani ne ke kashe ƙwayar. Kwana 2 zuwa 3 yake ɗauka. A tafi da kwalayen magungunan da ta sha likita ya gani. In zazzaɓi ko ciwon gefen baya ya shigo, kada a jira sakamako.