Tambaya da Amsa: Na fesa maganin ciyawa, wakena ya ƙone

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bara na shuka wake, bayan kwana biyar na fesa ragowar maganin da na sa wa masara don kar ciyawa ta fito, wallahi waken na tsirowa sai ganyen ya yi ɗorawa ya bushe, rabin gonar ya tafi. Bana ina so in sake, wane magani ya dace kuma yaushe ake fesawa? Daga wani manomi a Bichi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya mayar da alheri. Ina kyautata zaton maganin nan akwai atrazine a ciki, irin su Primextra, masara da dawa suna jure sinadarin atrazine amma wake ba ya ɗauka ko kaɗan. Don Allah a riƙa duba bayan gora kafin a saya, kar a tsaya ga maganar mai shago kawai.

Wanda ya dace da wake shi ne pendimethalin (Stomp da ire-irensa, mai ruwan ɗorawa ɗin nan da ke ɓata riga) ko metolachlor irin Dual Gold. Kuma kwana biyar ya yi yawa, wake yana da saurin tsiro, ka fesa ranar shuka ko washegari, kar ya wuce kwana 2, ƙasa na da danshi, domin maganin shimfiɗa yake yi a saman ƙasa ya kashe ciyawa tun tana tsirowa, in ƙasa a bushe take to asarar kuɗi ce kawai. In hadari ya haɗo sosai ka dakata, ruwa mai ƙarfi zai iya kai shi wurin irin, musamman a jigawa irin ta wajenku, can ma awo mafi ƙanƙanta da ke jikin gora ake bi. Ka binne irin da kyau, bayan feshi kuma kar a shiga da fartanya a tona.

Zai riƙe maka harƙiya da gude-gude kamar sati 4 zuwa 6, daga nan sai noma ɗaya. Amma fa ba ya taɓa ciyawar da ta riga ta fito, aya-aya ma ba ta cika jin pendimethalin ba. Wuta-wuta kuwa sai dai iri mai jurewa, ka nemi SAMPEA 14 ko 15 na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya.

Sannan ka wanke famfon feshinka tas, ragowar maganin masara a ciki kaɗai ya isa ya ƙona wake, kuma ka sa takalmi da takunkumi, kar a ba yara feshin nan.