Tambaya da Amsa: An kira mu taro kan karatun ɗana mai matsalar ji, wa ke da ta cewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekarunshi 8, shina aji biyu na firamare nan cikin garin Sakkwato, tun da ya yi sanƙarau jinshi ya ragu, sai an ɗaga murya ko an taɓa shi kana ya waiwayo. Hedimasta ya kira mu taro sati mai zuwa, ni da babanshi da malamar ajinsu, wai za a tsara yadda za a yi da karatunshi. Malama ta ce mu kai shi makarantar kurame, babanshi ya ce a bar shi inda 'yan'uwanshi suke, takardar da likita ya ba mu kuma ba wanda ya ko buɗe ta. Ni ban yi boko mai nisa ba. Wa ke da ta cewa cikinmu, kuma mi zan je in faɗi?
Daga wata uwa a Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara mishi lafiya ya raya shi. Ki fara cire zancen rashin boko daga ranki, duk waɗanda za su zauna wurin nan ba wanda ya kai ki sanin yaron. Ke kika san wane kunne ya fi ji da shi, ko yana kallon bakin mutum in ana magana, ko yana dawowa gida da fushi. Da waɗannan bayanai ake gina tsarin, kuma babu su a rajistar makaranta.

Irin wannan zama ba hedimastanku ya ƙirƙiro shi ba. A Amurka tun 1975 doka ta wajabta a rubuta wa yaro mai buƙata ta musamman tsarin karatunshi shi kaɗai, suna ce mishi IEP, iyaye na cikin masu zaman kuma ana sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Mu nan ba mu kai can ba, amma dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, don haka ba alfarma kika je roƙo ba.

Takardar likitan nan ita za a fara buɗewa. In ta daɗe, ku koma sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) a sake auna jin, a rubuta muku ko na'urar ƙara ji za ta yi mishi amfani. Aikin likita kenan, ya faɗi iya abin da kunne ke ɗauka, zaɓen makaranta ba nashi ba ne.

Malamar aji kuwa, ni ban ga laifinta sosai ba, mace ɗaya da aji maƙil da yara ga zafin Sakkwato, dole ta nemi sauƙi, amma “ku kai shi can” ba tsari ba ne. Ki tambaye ta cikin ladabi me aka gwada tukun. An dawo da shi bencin gaba? Tana juyowa ta fuskanci yara in za ta yi bayani ko tana magana fuskarta na allo? Ana rubuta aikin gida a allo ko da baki ake faɗa ana tashi? An haɗa shi da yaro mai natsuwa da zai riƙa nuna mishi shafin da ake? Duk wannan ko sisi ba ya ci. Hedimasta shi ke da ikon sauya wurin zama da jadawali, shi kuma zai rubuta wa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ya nemi a turo malamin da ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman, irin waɗanda ake yayewa a kwalejin ilimi ta musamman ta tarayya da ke Oyo ko jami'ar Bayero, ko da sau ɗaya a wata ne ya zo ya duba.

Akwai mutum biyu da kullum ake mantawa. Malamin Islamiyya, don karatun can kusan duka da kunne ake ɗaukarshi, in bai san halin yaron ba zai ɗauka taurin kai ne har ya kai ga bulala. Sai shi kanshi yaron, ɗan shekara 8 ya san abin da ke damunshi, a tambaye shi.

Batun makarantar kurame, wato A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman da ke nan Sakkwato, kar ku yi gardamarta daga zaune, ke da maigida ku je ku gani da idonku. In jin ya tafi sosai, can zai samu maganar hannu da abokai irinshi, kuma ba jefar da shi aka yi ba. In akwai sauran ji mai yawa, a gwada shi inda yake zango ɗaya. Hukuncin ƙarshe naku ne ku iyaye, shi ya sa nake so ku daidaita bakinku tun a gida kafin ranar.

Kar ku tashi daga taron sai an rubuta a takarda: me ake so ya iya kafin ƙarshen zango, misali karanta gajerun kalmomi da kanshi, wa zai yi me, sunan kowa kusa da aikinshi, da ranar da za a sake zama. A zaɓi mutum ɗaya da za ki riƙa kira, in ba haka ba kowa zai ce ai wane ne zai yi. Ki ɗauki hoton takardar da wayarki kafin a sa ta cikin durowa.